Inshorar da na gada a wurin mahaifina

Ko zan manta komai a sana'ar nan tawa, ba zan taɓa manta yammacin da na miƙe tsaye a majalisin Ammi Sani a unguwar Ranuna ba, na gyara zaman hulata, na shiga bai wa dattawa bakwai abin da babu wanda ya tambaye ni. Amma bari in ɗauko muku daga tushe, don ku san irin mutumin da abin ya sama, kada ku ɓata tausayinku a banza.

Ni mai aikin wuta ne, kahraba'i kamar yadda ake ce mana a nan Madina. Ina da ɗan shago a unguwar Sultana, lokacin kuma ina da wanet fara, wato motar a-kori-kura, mai ɗauke da sunan shagon a ƙofarta. A garin nan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, kakana ne ya taso daga Kano ya yi hajji ya zauna. Aiki kam na iya shi. (Ba yabon kai ba ne, ku tambayi duk mai shago a layinmu.) Sai dai ba da aikin na fi tinƙaho ba, da Hausata na fi. Sa'o'ina da aka haifa a nan, ka yi musu Hausa su mayar maka da Larabci. Ni kuwa a hannun kakata na tashi, Hausa na sha tun daga goyo, har na je Kano na auro Hadiza ba tare da tafinta ba. Idan ana biki aka rasa wata kalma, ni ake waiwayowa. Abin da ban taɓa tsayawa na lura da shi ba shi ne, Hausar kakata ta tsaya cak a shekarar da ta baro gida. Duk abin da aka raɗa wa suna bayan tafiyarta, ba ya cikin jakata.

Ammi Sani aminin mahaifina ne, Allah ya jiƙan mahaifin nawa. Yana kula da wani gidan haya na danginsu a unguwar Anbariyya, hawa uku, inda maziyarta suke sauka. A wani lokacin sanyi ya kira ni ya ce yana so a ƙara mukayyif shida, wato na'urar sanyaya ɗaki, a hawan sama kafin zafi ya shigo, kuma yana so in duba ko tsohuwar wayar da ke kai wuta can za ta ɗauki nauyin. Ya ce, “Ya waladi, ɗana, ba zan kira baƙo ba alhali ɗan Mu'allim Garba yana raye.” Wannan maganar ta shige ni sosai, don na san ba kowa yake gaya wa ita ba.

Ranar da na je, gwiwoyinsa ba su bar shi ya hau bene ba, sai ya zauna a ƙasa yana shan shayi da mai gadi, ya haɗa ni da surukinsa, Dakta Kabiru. Dakta mutumin Kano ne, yana koyarwa a jami'a, shi ke riƙe wa Ammi takardun gidan. Mutum ne mai natsuwa, da ɗan littafi a aljihun gaba, wanda ko tari ka yi sai ya rubuta. Muna hawa ya fara yi min tambayoyi da Larabcinsa na littafi, mai wasali a ƙarshen kowace kalma. Ni kuwa da bakina, babu wanda ya aike ni, na ce, “Haba Dakta! Mu biyu Hausawa, a bar Larabcin nan. Yi min Hausa, ta Kano zalla, kada ka rage min komai.”

Ya yi murmushi ya ce, “To madalla. Mu'allim, kana da inshora kuwa? Irin ta masu sana'a nake nufi.”

Wallahi ban taɓa jin kalmar ba. Mutum mai hankali sai ya ce, “Me ke nan?” Kalma uku, ba a biyan ko halala, wato sisinmu na nan. Amma yanzu-yanzu na gama cika baki a kan bene, ina zan sa fuskata? Sai na shiga lissafi a zuci. Da Larabci akwai shura, akwai mashura, akwai istishara. Da Hausa akwai shawara. To ai inshora 'yar gidansu ce, kawai 'yan bokon Kano ne suka yi mata kwalliya. Cikin daƙiƙa uku na yanke wa kaina fatawa: mutumin nan tambayata yake ko ina da shawara irin ta ƙwararru.

Na ce, “Inshora? Dakta, ai da ita nake cin abinci.”

“Ma sha Allah. Zuwa nawa take ɗauka?”

“Ba ta da iyaka. Ƙaramin aiki, babban aiki, duk tana ɗauka.”

Ya ɗaga gira. “Lalle kana biya da tsada.”

“Ko halala ba na biya. Gadonta na yi a wurin mahaifina.”

Ya tsaya da alƙalami a hannu ya dube ni. “Ana gadonta a nan?”

“A gidanmu dai ana gada.”

Ya rubuta. (Daga baya ya gaya min ya ɗauka shagon mahaifina ne yake da wata tsohuwar yarjejeniya da ta biyo rajistar shagon zuwa hannuna. Ya ce ya ji abin wani iri, amma shi baƙo ne a tsarin ƙasar, ni kuma na faɗa da ƙarfin zuciyar da ba a yi wa musu.)

Muka isa wurin ɗablon, akwatin da wuta ke rarrabuwa zuwa ɗakuna. Na buɗe, na leƙa wayar da ta taso daga ƙasa, na ga kaurinta, na ce a raina mai milimita goma sha shida ce. Abin awo yana cikin wanet, hawa uku a ƙasa, ni kuma idona shekara ashirin yana kallon waya. Muka sauko na gaya wa Ammi, “Ba sai an fasa bango an ja sabuwar waya ba. Wannan za ta ɗauka. Gaɗi'i kawai zan canza in sa babba.” Gaɗi'i shi ne makunnin da ke yanke wuta da kansa idan nauyi ya yi wa waya yawa. Ammi ya ji daɗi don na rage masa ɗawainiya, ya sa min albarka. Na ɗaura mukayyif shida, na kunna su ɗaya bayan ɗaya a cikin sanyin hunturu, kowanne ya yi ƙara mai daɗi, na tattara kayana na tafi.

Da na samu sabuwar kalma kuwa, ai ban bar ta ta huta ba. A daren farko ma na ce wa Hadiza, “Bari in ba ki inshora a kan miyar nan, ki rage gishiri.” Ta yi dariya har ta riƙe ƙofar kicin, ta ce, “Allah ya shirye ka, Abban Maryam.” Ita ta ɗauka zolaya nake yi, ni na ɗauka burge ta na yi. Wata biyar ina raba inshora a gida da waje. Har wani ɗan baffana na gyara wa magana a wurin walima, na ce masa, “Shawara ta tsofaffi ce, yanzu a Kano inshora ake cewa.” Ya gode min.

Sai zafi ya shigo, irin na Madina, wanda ko sitiyari ba ya taɓuwa da rana. Gidan Anbariyya ya cika da baƙi. Wata rana bayan azahar mai gadi ya kira ni: “Mu'allim, ta'al bi sur'a, zo da sauri, bango yana wari!” Kafin in isa ya riga ya kashe wutar gidan gaba ɗaya, Allah ya saka masa. Mukayyif shida sun yi ta ja tun safe, waya ta yi zafi a cikin bango, babban gaɗi'in da na sa kuma ya zuba ido bai yanke ba, don ni na koya masa haƙuri. Robar wayar ta narke, ɗablon ya yi baƙi ƙirin, mukayyif biyu suka ƙone.

Babu wanda ya ji rauni, kuma har gobe ina gode wa Allah a kan wannan. Amma na tarar da wasu maziyarta daga Sakkwato a kan bene da jakunkunansu, maza biyu suna sauko da tsohuwarsu a kujera, tana fifita da gefen mayafinta, tana cewa, “Sannu mai gyara, Allah ya kawo ka.” Na raɓe na ba su hanya. Na hau na yanko guntun wayar na auna. Mai goma ce, tsohuwar roba mai kauri ce ta ruɗi idona. Na tsaya a gaban ɗablon ni kaɗai, kunya ta rufe ni.

Washegari bayan la'asar Ammi ya kira ni gidansa a Ranuna. Gidan hayar na dangi ne, don haka dattawan da ke da haƙƙi a ciki duk sun zo, su bakwai da shi, ana zagayawa da gahawa da dabino. An mayar wa baƙi kuɗinsu, an nema musu wani masauki, gida kuma zai zauna a rufe a tsakiyar lokacin ziyara. Fuskoki ba daɗi. Na zauna a bakin ƙofa na shirya jin faɗa.

Sai Dakta ya buɗe littafinsa ya ce, “Iyayena, kowa ya kwantar da hankalinsa. Tun kafin a fara aikin na tambayi Mu'allim, ga shi a rubuce. Yana da inshora, kuma ba ta da iyaka. Ita za ta ɗauki komai.” Ya juya ya yi wa biyu daga cikinsu bayani a kunne, na ga fuskoki sun saki, wani har ya ce, “Alhamdu lillah, ɗan Garba bai bar gida ba.” Dakta ya dube ni. “Bismillah Mu'allim, yi musu bayanin inshorar taka.”

Ku ji abin da na ji a raina: farin ciki. Na ce ashe duk da abin da ya faru, har yanzu shawarata suke nema. Na miƙe tsaye, abin da ba wanda ya ce in yi, na gyara hula, na yi gyaran murya.

“Inshorata ta farko,” na ce, “a ja sabuwar waya mai ashirin da biyar tun daga ƙasa. Inshorata ta biyu, a raba hawan sama gida biyu, kowane ɓangare da gaɗi'insa.” Na bi ta uku da ta huɗu, ina zana bango a iska da yatsa. Na yi kusan minti goma. Ina cikin ta biyar na lura babu mai tauna dabino.

Dakta ya ce a hankali, “Mun ji wannan. Takardar fa?”

“Wace takarda?”

“Ta inshorar.”

Na yi 'yar dariya. “Haba Dakta, ai ba na rubuta ta. A kaina take.” Har da nuna kan da yatsa.

Ya rufe littafin. Ya cire tabarau. Ya ce, da Larabcin da na hana shi yi a kan bene, “Mu'allim, at-ta'min. Ta'min na kuskuren sana'a nake nufi. Kana da shi?”

Ta'min. Kalmar da nake ji kullum, wadda nake sabunta wa wanet kowace shekara ina ƙunƙuni. Ina tsaye, yatsana bai ma gama saukowa daga kaina ba.

Ammi Sani bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, “Ya waladi, shekara arba'in ina tare da ubanka, bai taɓa gaya min abin da babu ba. Ka ce wa surukina kana da ta'min alhali ba ka da shi?”

A nan na gane inda na tsaya. Asarar kuɗi ta koma ƙarama. Dattawa bakwai suna kallon ɗan Mu'allim Garba a matsayin wanda ya yi ƙarya don ya samu aiki, kuma hanya ɗaya ce tak ta wanke kaina: in faɗa da bakina, a gaban mutanen da suke kirana in raba musu gardamar Hausa, cewa ban san kalmar ba. Ko in fita maƙaryaci, ko in fita jahili. Ba zan ɓoye muku ba, sai da na ɗan yi jinkiri kafin in zaɓa, kuma wannan jinkirin ya fi komai ba ni kunya yau.

Na ce, “Ammi, wallahi ban yi ƙarya ba. Ban san inshora ita ce ta'min ba. Na ɗauka shawara ce.”

Sai wani dattijo a kusurwa ya tambaya, “Shawarar ce ka gada a wurin Garba?”

“Ita ce.”

“Marar iyaka?”

Wanda ke kusa da shi ya shaƙe da gahawa. Dariya ta fashe daga kusurwa ta zagaye ɗakin. Dakta ya rufe fuska da littafinsa, kafaɗunsa suna rawa. Ammi ya yi ta ƙoƙarin riƙe tasa har hawaye ya zubo masa, ya share da gefen gutra, mayafin kansa, ya ce, “Zauna, zauna. Na yarda ba ka yi ƙarya ba, don ba wanda zai ƙirƙiri wannan. Amma da ka ce ba ka da shi, da na ce je ka yi kafin ka taɓa min bango. Da ka ce ba ka gane ba, da an fassara maka kyauta.”

Dariya ba ta gyara ɗablon. Kuskuren nawa ne, kuma ban yi musu ba. Na sayar da wanet, na ja sabuwar waya, na sa sabon ɗablon da mukayyif biyu, na cike wa dangin abin da suka rasa na kwanakin da gida ya zauna a rufe. Kusan shekara ina tare motar haya a Sultana da jakar kayan aiki a kafaɗa da tsani a hannu, direbobi suna kallona suna wucewa. Da na gaya wa Hadiza abin da ya faru a majalisi, ba ta yi dariya ba sai da ta tabbatar na ci abinci. Sannan ta ce, “Abban Maryam, wata biyar wadda ta san kalmar nan tana kwana a ɗakinka, ba ka tambaye ta ba.”

Da aikin ya kammala na je ofishin wani kamfanin ta'min, na zauna a gaban ma'aikaci kamar ɗan makarantar da aka maimaita wa aji. A nan na ji abin da ya kamata in sani tun ranar da na buɗe shago. Ashe ta'min ɗin mai sana'a ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ke biya idan tsaninka ya faɗo kan motar wani ko wani ya ji rauni a wurin aikinka. Akwai kuma na kuskuren sana'a, wanda ke tsaya maka idan lissafinka ko tsarinka ko shawarar da ka bayar ce ta jawo wa mai gida asara. (Ku lura: shawara. Ashe fatawata ta kan bene ba ta yi nisa da gida ba, kawai na shiga ta ƙofar baya ne.) Ma'aikacin ya ce kuɗin ya danganta da girman ayyukan da kake karɓa, da shekarunka a sana'a, da iyakar da kake so su biya, don kowace inshora tana da iyaka in ban da tawa. Akwai wani kaso na farko da kai za ka ɗauka kafin su sa hannu. Ba sa biyan abin da ka yi da gangan, ko aikin da ba ka da lasisinsa, ko ɓarnar da ka riga ka sani kafin ka zo. Kuma sai ka riƙa sabuntawa, don waya ba ta nuna halinta ranar da aka ɗaura ta.

Ya faɗi kuɗin shekara. Bai kai abin da na kashe a kan mukayyif biyun nan kaɗai ba, balle a yi maganar wanet. Sai ya zo tambaya ta ƙarshe a takardar: ko an taɓa samun asara ta dalilin aikinka? Na ce an taɓa, na ba shi labari, ya ƙara min wani abu a kan kuɗin. Ɓangaren kalmar dai na rage masa, shi Balarabe ne, ba zai gane ba, kuma ba dole ne kowa ya samu rabonsa ba.

Yau a Ranuna da Anbariyya ba wanda ke kirana Mu'allim. Malam Inshora ne sunana, har ɗan baffan nan nawa da na gyara wa magana, shi ya fi kowa ɗaga murya. Na daina jin haushi. Abin awo yanzu a aljihuna yake kwana, ko hawa goma ne sai na auna kafin in buɗe baki. Idan kuma Bakano ya jefo min kalmar da ban sani ba, a take nake cewa, “Me ke nan?” Na gwada sau da yawa, ban ga wanda ya mutu ba.

Bara Ammi Sani ya sake kirana, zai gyara wutar hawan ƙasa. Na je da sabuwar wanet, ta hannu ce amma tana tafiya. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “To Malam Inshora, wacce ka zo min da ita yau, ta kai ko ta takarda?” Na zaro takardar na miƙa masa. Ya ba Dakta ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, da Larabci, sannan Ammi ya ce, “Madalla. Yanzu faɗi ta kan, ita ma ina so. Ubanka ma sai ya auna yake ba ni ita.”